Wace Eunice Ce?

Shekara goma sha ɗaya ke nan Malama Eunice Shekari tana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Narayi, kuma 'yarta Precious tana aji biyu na firamare a nan. Shafukan makarantar uku take shiga a intanet: na saka maki, na neman hutu, da na iyaye. Kowanne da kalmar sirrinsa, kullum kuma sai ta cakuɗa su.

Ranar Litinin shugabar makaranta ta tara malamai ta ce wahala ta ƙare. Daga yau shiga ɗaya ce: mutum ya sa imel ɗinsa da kalmar sirri guda, duk shafukan su buɗe masa. Aka yi tafi, har da Eunice.

Da aka fita tara, ta zauna a ɗakin malamai da takardun jarrabawa arba'in da biyu, ta shiga ta wayarta. Shafin ya ce, "Barka da zuwa, mahaifiyar Precious." Ta nemi wurin saka maki, babu, sai sanarwar ranar wasanni. Ta fita ta sake shiga. Mahaifiyar Precious. Ta kashe wayar ta kunna, duk ɗaya.

Ta tashi ta sami Oga Godwin, mai kula da kwamfutocin makarantar, a ɗan ofishinsa.

"Oga Godwin, abin nan naku ya mai da ni uwa kawai. Ina aikina ya shiga?"

Ya ɗan danne-danne, sannan ya ce, "Madam, ai ku biyu ne a nan."

"Mu biyu da wa?"

"Ga Eunice Shekari, uwa. Ga kuma Eunice Bitrus, malamar lissafi."

Bitrus sunan mahaifinta ne. Da shi aka ɗauke ta aiki, tun kafin ta yi aure.

"To ai duk ni ce."

"Ni na sani, Madam. Kwamfuta ce ba ta sani ba. Da, kowane shafi da nasa rajistar. Yanzu da aka haɗe su, sai ta ga mutum biyu."

"To ka gaya mata mana."

"Ba ni zan gaya mata ba. Sai Eunice Bitrus ta yarda. Za a tura mata lamba ta imel ɗinta."

Eunice ta kalle shi. Wancan imel ɗin a wani shagon intanet a Kakuri aka buɗe mata, ta manta rabon da ta leƙa shi. Suka gwada. Ba ta tuna kalmar sirrin ba, sai ya jefo mata tambayar da ita da kanta ta zaɓa a lokacin: wace ce babbar ƙawarki?

Ta rubuta Charity. Ya ƙi. Esther. Ya ƙi. Vicky ma haka.

"Saura gwaji ɗaya," in ji Godwin.

Eunice ta ɗauki wayarta. Ta kira yayarta Christy.

"Yaya, don Allah, kafin in yi aure wace ce babbar ƙawata?"

"Lafiya kike kuwa? Ba Tracy ba ce, wadda kuka ɓata a kan ankon bikinki?"

Eunice ta rubuta sunan a hankali. Imel ya buɗe, lamba ta shigo, Godwin ya saka. Sai ga madannai biyu a shafin, ɗaya Malama, ɗaya Uwa.

"Yanzu wacce aka goge a cikinmu?" ta tambaya.

"Ba a goge kowa ba, Madam. An haɗe ku ne."

Ta gyaɗa kai, ba don ta gane ba. Ta koma ta saka makin ɗalibanta duka kafin a tashi.

A cikin keke, kan hanyar gida, ta duba wayarta kaf, babu lambar Tracy. Ta sake kiran Christy, ita kuma ta ce ta dai ji an ce Tracy ta koma Jos, amma za ta tambaya mata a coci ranar Lahadi.