Rumfar Rachida a Missèbo

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Rachida a rumfarta ta gwanjo da ke kasuwar Missèbo. Hannun dama ya mutu, ƙafa kuwa sai ja.

Watanta biyu kwance a gida a unguwar Zongo, wanta Boureima ya zo ya zauna bakin ƙofa.

"Rachida, rumfar nan zan ba surukina Chérif. Wuri ba ya zama a rufe a Missèbo."

"Wa ya ce maka na bari?"

"Jini ya ce. Inna ta kwanta da ciwon nan, ba ta tashi ba. Goggo Assibi ma haka. Likitan asibitin Calavi da ya ɗebi jininki, ba gado ya ce ba?"

Rachida ta san abin da likitan ya ce, don a gabanta ya faɗa. Bincike suke yi kan abin da mutum ke gada a jini, wanda ke sa wani ya warke da wuri, wani ya daɗe. Nata irin na masu daɗewa ne, amma ya ce gwajin ba ya yanke hukunci, hannu kuma sai an sa shi aiki. Kalmar gado kaɗai Boureima ya tsinta.

"Yaya, yanzu ko shugaban ƙasa sai da ƙuri'a ake sauke shi. Ni za ka sauke daga bakin ƙofa?"

"Bakin dai bai shanye ba."

"Ba ni lokaci zuwa ƙaramar salla."

Ta aika aka kawo mata buhun riguna. A sana'arsu ba a rataye riga sai an sa mata maɓalli har wuya, don ta yi kama da sabuwa. Rigar farko ta cinye mata hantsi har la'asar. Yatsun suka ƙi, ta zage su, ta sake. Kullum haka, azumi ya zo ya wuce.

Bayan salla ta hau zémidjan, babur ɗin haya, ƙawarta mai suna Mamata na riƙe da ita ta baya. Ta tarar da Boureima da Chérif a rumfar, makulli a hannun Chérif.

Ta zaro riga daga dilar gwanjo, ta kama sa maɓalli da hannun dama. Maɓalli bakwai ne. Na ƙarshe sau uku yana kuɓucewa kafin ya shiga.

Chérif ya dubi Boureima, ya ajiye makullin kan dila.

Ta ce, "Matsa, Yaya, kana tare mini masu saye."