Ƙwayoyin Ƙarfe Bakwai

Ranar da aka kawo mini Denisha, kayan sawarta duka a baƙar ledar shara suke, amma magungunanta na cikin jaka mai zif, an jera su tsaf. Nan take na gane abin da hukuma ta fi ji da shi.

Ni Verna Tibbs, shekara talatin na yi ina dafa wa 'yan makaranta abinci, kuma yara goma sha ɗaya na riƙe wa hukuma tun rasuwar mijina. Na ga mai fitsarin kwance, na ga mai ɓoye burodi a ƙarƙashin filo. Amma ban taɓa ganin 'yar shekara goma sha biyu da barci ke kwashewa da cokali a baki ba sai ita.

Gida uku ta zauna kafin nawa, ban da sati biyu a gidan horon yara saboda ta fasa taga da kujera. Ko'ina ta je sai likitan wurin ya ƙara mata ƙwaya ɗaya, ba wanda ya cire ta wani. Huɗu ke nan. Da hannunta ya soma rawa, wani sabon likita da ya gan ta minti goma ta kwamfuta ya nemi a ƙara ta biyar, ta maganin rawar.

A jiharmu mai riƙo ba ta da ta cewa a kan irin wannan magani, alƙali ne ke sa hannu, yawanci a ofis, bai ko ga yaron ba. In na daina ba ta da kaina, su ƙwace ta, kuma tsayar da su lokaci guda ma haɗari ne. Sai na cike takardar ƙin amincewa da ƙwaya ta biyar. Aka sa mana ranar Alhamis a kotu, ƙarfe tara.

Ranar Laraba da yamma Mis Pruitt, jami'ar da ke kula da fayil ɗinta, ta kira ni. Ba muguwa ba ce, yara arba'in ne a wuyanta.

"Mis Verna, gobe ki ɗan jinkirta maganin safen nan sai kun fito daga kotu."

"A kwalba an rubuta ƙarfe bakwai."

"Na sani. Kowa haka yake yi, don yaro ya bayyana da kyan gani."

"Au, ashe kun san yadda yake mayar da su."

Ta sassauta murya. "Ki ji ni da kyau. In ta ɓingire a gaban alƙaliya, za a iya cewa gidanki ne bai karɓe ta ba. Akwai gado a gidan horon yaran nan na bayan gari, kin san ba za su yi wahalar cika shi ba."

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi yawa. Wata biyar kacal, yarinyar ta riga ta shiga raina.

Ban ɓoye mata komai ba. Da safe na ajiye ƙwayoyin huɗu kusa da faten masararta, na faɗa mata abin da Pruitt ta ce.

"In na sha zan yi barci a can," in ji ta.

"Za ki yi."

"Har da miyau?"

"Wataƙila. Zan riƙe hankici."

"In suka mayar da ni can fa?"

"Za su iya, 'yar nan. Ba zan yi miki ƙarya ba. In kin ce a jinkirta, a jinkirta."

Ta daɗe tana kallon hannunta yana rawa a kan tebur. Sai ta tattara ƙwayoyin a tafinta.

"Alƙaliyar ce ta sa hannu, ko? To ta gani."

Alƙaliya Ostrander doguwa ce mai furfura, tabarau a ƙarshen hanci. Ta yi wa Denisha murmushi, ta tambaye ta abin da take so a makaranta.

"Tsallen igiya," in ji Denisha. "Da can ni ce ta ɗaya a layinmu. Ina iya yin ɗari biyu ban..."

Maganar ke nan. Kanta ya yi ƙasa a hankali har goshinta ya taɓa tebur. Pruitt ta miƙa hannu za ta girgiza ta.

"Kar ki taɓa ta," na ce.

Alƙaliya ta dube ni ta saman tabarau. "Malama Tibbs, me kika ba yarinyar nan?"

"Abin da kika sa hannu a kai, ranki ya daɗe." Na zazzage jaka mai zif, na jera kwalabe huɗu a gabanta. "Ƙarfe bakwai, kamar yadda aka rubuta. An ba ni shawara in jinkirta don ta yi kyan gani, amma na duba kwalba ban ga wurin ba."

"A zaman da ya wuce lafiya lau na gan ta."

"Ranar an jinkirta. Wannan ita ce wadda malaminta na lissafi ke gani, ita nake ɗauka a kafaɗa daga coci. Ke kaɗai ake kai wa ita a farke."

"Ki iya bakinki, kotu ce nan."

"Shekara sittin da uku ban iya ba, ranki ya daɗe, amma zan gwada."

Lauyan hukuma ya miƙe ya soma karanto tarihin taga da kujera, har ya kawo zancen gadon nan na bayan gari. Alƙaliya ta ɗaga masa hannu.

"Zauna. Yarinya ta fara ba ni amsa, ba ta ƙarasa ba. Zan jira."

Muka jira. Mutane cike da baranda suna dakon tasu shari'ar, mu kuma muna sauraren numfashin Denisha. Na share mata baki sau biyu. Alƙaliya ba ta taɓa takarda ko ɗaya ba, agogon bango kawai take kallo, fuskarta na ƙara ɗaurewa. Minti hamsin sannan yarinyar ta ɗago.

"Ɗari biyu ba ki me ba?" in ji alƙaliya.

"Ban taɓa igiya ba."

Ba ta sa hannu a ta biyar ba. Ta ba da umarni wani likita daban ya zauna da Denisha ido da ido ya duba huɗun, kuma yarinya ta ci gaba da zama a gidana. Ni kuma ta ce in na sake yi mata irin wannan baki zan kwana a ɗakin tsare mutane na ƙasan bene. Na ce na ji.

Wata huɗu ana ragewa kaɗan-kaɗan. Yanzu saura biyu, ɗaya likitan ya ce tana bukatarta da gaske, ban kuma yi gardama ba.

Ranar Lahadin nan na hana ta fita tsallen igiya sai ta wanke kwanuka. Ta tsaya a tsakiyar kicin, hannu a ƙugu, ko alamar rawa babu.

"Ke dai Mis Verna kin cika mita. Kuma burodin masarar nan naki ko kare ba zai ci ba."

Ta buga ƙofa har hoton mijina ya karkace. Yara goma sha ɗaya na riƙe kafin ita, ba wanda ya taɓa zagin girkina ya kwana lafiya. Na bi ta da ludayi a hannu, na kai bakin ƙofarta, sai na ji tana ta ƙunƙuni a ciki, ƙarfe goma na safe, idonta biyu. Na zauna a kan matakala na yi kuka don daɗi.

Kwanukan dai sai da ta wanke su.