Ɗakin Dogo a Cikin Kwamfuta

Kwamfutar da Dogo ya bar wa ƙanwarsa Yasira ɗaki biyu gare ta. In an kunna, layi biyu ke fitowa a baƙin allo, mutum ya zaɓa. Na sama Windos ne, inda take buga takardun makarantar da take aiki a Yelwa. Na ƙasa Linuks ne, nasa, inda ya tara muryar Innarsu tana waƙoƙi da yarensu na Gunganci kafin ta rasu. Shi ma bara kwalekwale ya kife da shi a hanyar Wara, ya rasu. Tun daga nan ba ta iya shiga ɗakin nasa ba. Kullum da safe takan dai kalli layin, ta wuce.

Da Windos ya fara daskarewa sai ta kai wa Sani mai gyara a bakin kasuwa. Ya sake zuba sabo, ya kunna mata yana murmushi. Babu baƙin allo, babu zaɓi.

"Ina layin ƙasa?" in ji Yasira.

"Wane layi kuma, Malama? Ga ta nan tana gudu kamar jirgin inji." Ya nuna mata wani sashe da Windos bai san ko mene ne ba. "Wanga wuri banza ya ke zaune. In share miki shi ki samu fili?"

"Kada ka taɓa!"

"To, Allah ba ki haƙuri. Sai ka ce na ce zan yanka akuyarki."

Ta rungumo kwamfutar ta dawo gida, inda ba kowa sai kaji. A akwatin Dogo ta sami faifai da wani littafi mai warin kananzir. A shafi na tara ya rubuta: "In zaɓi ya ɓace, ɗakin na nan, ƙofar ce aka toshe. Tada ita da faifan nan." Sai umarni layi biyar. A ƙarƙashin na ƙarshe ya ja layi biyu: "A tsaya a sda, sunan ma'ajiyar kwamfutar ke nan. Kada a ƙara lamba."

Ta sa faifan, ya daɗe yana gurnani. Da yatsa ɗaya ta riƙa bugawa, tana duba kowane harafi sau uku, don ba ta san wanne ne zai iya shafe muryar Inna ba, kuma ba wanda za ta tambaya. A layi na huɗu ta tsallake tazara, kwamfutar ta ƙi. Ta tashi ta zuba wa kaji dawa, ta wanke fuska, ta dawo ta sake, ta ƙarasa na biyar. Ta yi bisimilla, ta kashe, ta kunna.

Layi biyu suka fito. Daƙiƙu suna raguwa, biyar, huɗu, uku. Ta danna na ƙasa.

Ta buɗe sautin farko da ta gani. Inna ta ja waƙa, ta yi tari, Dogo ya yi dariya. Can sai Inna ta ɗaga murya: "Yasira! Tukunyar nan hwa tana ƙonewa!"

"Na'am, Inna," in ji Yasira, har ta yunƙura za ta tashi.

Ta koma ta zauna a kan tabarma, ta bar waƙar ta ci gaba.