Kifin Baltazar

Ermelinda ta zaɓi Lahadin da ake shiga tsohuwar majami'ar birnin Porto kyauta ne, don ita ba ta ga dalilin biyan kuɗi a kan kallon dutse ba. Motar safe ta kawo su Porto ita da ƙanwarta Graciete, da burodin masara da soyayyen kifi a jaka. Motar komawa ƙauye ƙarfe huɗu take tashi, kuma ba su da halin kwana.

Abu ɗaya ya kawo ta. Marigayi mijinta Baltazar, magini, ya shekara arba'in yana cika baki wai da shi aka gyara tsohuwar majami'ar nan, har ya sassaƙa alamarsa a jikin dutse yadda magina ke yi: ɗan kifi mai karkatacciyar jela, irin na bakin ƙofar gidansu. Ba wanda ya taɓa yarda, har ita. Abin nan na cin ta tun ranar da aka binne shi.

Jama'a sun ɗaga kai suna kallon adon rufi, ita kuwa ta duƙa tana bin gindin bango da yatsa.

"Yaya, don Allah ki tashi, mai gadi na kallonmu," in ji Graciete. "Mutumin da ya ce ya taɓa kama kifi tsawon kwalekwale za ki biye wa?"

"Ke dai riƙe min jaka."

Har ƙarfe uku ba ta samu komai ba sai ciwon gwiwa. Suka fita ta ƙofar baya, suka tarar da baƙi sun yi dogon layi a jikin bango. Ermelinda kuwa ba ta iya wuce layi ba tare da ta ji na mene ne ba.

"Alamar nan ta shekara ɗari shida," in ji mai yi wa baƙin jagora. "Duk wanda ya shafa ta sai ya sake dawowa garin nan."

Ta leƙa ta ƙarƙashin hannun wani dogo. Ɗan kifi ne, ya yi sulɓi saboda shafa, jelar a karkace.

Graciete ta kama baki. "Ɗari shida! Yaya, gaya musu mana!"

Kunya da daɗi suka rufe Ermelinda, idonta ya cika da ƙwalla. Ta juya ta koma can ƙarshen layin ta tsaya.

"Yaya, motar fa?"

"In ta tafi ta tafi. Shekara arba'in ina ƙaryata bawan Allahn nan, sai na ba shi haƙuri."