Na Koma Rukunin Yamma

Wayon da na yi ranar jarrabawa ba ni na ƙirƙiro shi ba. Duk mai neman aikin gwamnati a Abuja ya san shi: idan aka raba masu jarrabawa rukuni-rukuni, ka san yadda za ka yi ka faɗa na ƙarshe. 'Yan safe za su fito, ka tare su a bakin ƙofa ka tatsi abin da aka tambaye su, ka shiga da saninka.

Ni kuwa takardata ta fito da ƙarfe takwas na safe. Saura wata uku in cika shekara talatin, hukumar da nake neman aikinta kuma ba ta ɗaukar wanda ya kai haka. Wannan ne fom ɗina na ƙarshe. In ya kuɓuce, na dawwama ke nan a shagon kayan mota na kawuna a Apo.

Don haka na bar gida a Masaka da asuba, na sauka a Nyanya, na zauna wurin mai shayi ina kallon agogo har tara ta gota. Sannan na ƙarasa ina haki kamar wanda aka koro. Na ce wa matar da ke tantance mu, "Madam, daga Masaka nake." Ba ta nemi ƙarin bayani ba, don ba wanda bai san cunkoson Mararaba ba. Ta soke takwas, ta rubuta ƙarfe biyu. Da na waiga sai ga gwanayen ajinmu na share fagen jarrabawar su kusan goma a layin makararru, kowa yana hakin ƙarya irin nawa. Muka yi wa juna murmushi.

Naomi, 'yar ajin namu da ke zuwa daga Orozo, ita ta shiga da safe yadda aka rubuta mata. Ta fito idonta jawur.

"Muktar, kar ka tambaye ni komai. Wuta ne. Fifty-eight na samu."

Ban samu ko tambaya ɗaya daga bakin kowa ba. Ban kuma buƙace ta ba, don namu tambayoyin daban ne, masu sauƙi kamar shan ruwa. Da na gama, kwamfutar ta nuna min tamanin da ɗaya. Har da lallashin Naomi na yi a mota, ina ce mata komai na Allah ne.

Bayan kwana biyu na kai wa Malam Philip, mai koyar da mu a ajin, albishir. Bai yi murnar da na zata ba.

"Wane batch?"

Na ce rukunin yamma.

"Sauran 'yan batch ɗin, nawa-nawa sun samu?"

"Ina ruwana da su, Malam?"

"Ruwanka ne mana. Ba ka karanta notice ɗin ba? Questions na safe da na yamma ba ɗaya ba ne, so ba adalci a jera marks haka kawai. Za su duba average, wato matsakaicin maki, na kowane batch, su ga nisan da ka ba mutanenka. In average naku saba'in da biyar ne, kai ka ɗan leƙo kai ne kawai. In nasu Naomi arba'in ne, ta yi masu nisa sosai. Da wannan za su gyara marks kafin su haɗa list ɗaya."

Sanarwar tana wayata tun ranar da na cike fom, shafi huɗu, ban wuce na farko ba.

Makonni shidan da suka biyo baya ba na fatan su ga maƙiyina. Na zama ɗan leƙen asiri a zauren WhatsApp ɗinmu, ina bin 'yan yamma ɗaya-ɗaya ina tambayar makinsu. Tamanin da huɗu. Saba'in da tara. Tamanin da takwas, wannan kuma ɗaya ne daga cikin masu hakin ƙarya. Ina rubuta musu "Masha Allah". Ban taɓa sanin zan iya yi wa abokaina fatan faɗuwa ba, amma na yi, kuma na ji kunyar kaina. Sau biyu ina ba makaniki burkin da ba na motarsa ba, har kawu ya tambaye ni ko lafiya.

Sakamakon ya fito ranar Laraba da hantsi, ina shago. Na shigar da lambata a waya. Makin asali, tamanin da ɗaya. Bayan daidaitawa, sittin da huɗu da ɗigo biyu. Ana buƙatar sittin da biyar.

Ban gama karantawa ba Naomi ta kira. Nata ya koma saba'in da ɗaya, an gayyace ta ganawa. Na yi mata barka, kuma har zuciyata na yi, don ba ta cuci kowa ba. Da ta ji nawa sai ta ce:

"Muktar, ka taɓa duba questions namu kuwa? Mun haɗa waɗanda muka tuna, suna group ɗinmu tun week na farko."

Ban taɓa buɗe su ba, tunda ba nawa ba ne. Da muka yi sallama na nemo su. Guda ashirin ne da suka fi kayar da mutane, kusan duka lissafi: kaso cikin ɗari, gudun mota da nisan tafiya, lita nawa tanki zai ci. Na jawo kwalin batir da ke gefena, na ari biron kawu, na fara. Wani makaniki yana ta ƙwala min kira daga bakin ƙofa, ban ɗago ba.

Kafin a kira azahar na gama. Na gwada da amsoshin da Malam Philip ya sa a ƙasa. Na ci goma sha tara cikin ashirin.