Kunkuru Mai Ɗingishi

Shekara ashirin da biyu Mai Gyara ya yi a shagonsa na bakin titi, tsakanin tela da mai sayar da fenti, kuma bai taɓa ganin abu a karkace ya wuce shi ba. Fanka, dutsen guga, rediyo, duk abin da aka ɗora masa a tebur sai ya koma yadda kamfani ya yi shi. Ko gidan mutane ya je ya ga agogon bango ya ɗan kauce, sai ya miƙe ya daidaita shi kafin ya sha ruwan da aka kawo masa. Matarsa takan ce ko asibiti aka kwantar da shi, sai ya sauko ya ɗaure ƙafar gadon.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, kuma a cikin gidansa yake. Autansu, mai shekara biyu da rabi, an haife shi da hannun hagu a dunƙule. Likita ya ce hannun ba matacce ba ne, aiki yake so, amma sai yaron da kansa ya yi niyyar miƙa shi. In aka bari ya girma a haka, zai sandare. To, ta yaya ake sa ɗan shekara biyu ya yi niyya? An gwada alewa, an gwada waƙa da tafi, Auta sai ya miƙo dama ya karɓe abinsa. In aka riƙe masa daman kuwa, ya yi ta kuka har ya shiɗe. Kullum da safe uban yakan buɗe 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, da ya saki su koma. Wannan abu yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa.

Babbar 'yarsu shekararta goma sha ɗaya, kuma duk layin Injiniya ake ce mata, da farko don tsokana, daga baya ya bi ta. A makarantarsu malamar kimiyya ta buɗe wata ƙungiya inda yara ke harhaɗa mutum-mutumi da kayan wasa daga tarkace, tana kuma ba su labarin mutanen da suka ƙirƙiro abubuwa. Tun daga nan kwalin da Mai Gyara ke zuba matattun kaya bai sake samun hutu ba. Bai hana ta ba, amma bai taɓa tambayarta me take yi ba. A ganinsa wasan yara ne, wata rana za ta gaji.

Wata Laraba da safe, bayan ta tafi makaranta, ya yi tuntuɓe da abin a ƙofar ɗakinta. Kwanon roba ne kore a kife, an maƙala masa kai na murfin biro da idanu biyu na maɓalli. Kunkuru ne, babu shakka. Ya juya cikinsa, nan take idonsa na sana'a ya soma ƙirga laifuffuka. Tayoyin murafan kwalba ne, kuma ba girma ɗaya ba: na dama babba, na hagu ƙarami. Gidan batir na biyu ne, amma guda ɗaya ta sa, ta cike gurbin ɗayan da waya. Da ya kunna shi ya ajiye a ƙasa, sai ga shi yana tafiya a sanyaye kamar mai ciwon ƙafa, yana zagaye wuri ɗaya, wasu duwatsu na ƙara a cikinsa.

Tausayin yarinyar ya kama shi. Ubanta na da shago guda, a ce za ta kai wannan gurgun abu gaban malama? Ya saka shi a jaka ya tafi da shi. Ranar har fankar wani ya ture gefe. Ya cire murafan ya wurga a kwali, ya sa tayoyi biyu iri ɗaya na wata motar wasa, ya zazzage duwatsun, ya sa sababbin batura biyu, ya bi wayoyin da dalma tsaf. Tela ya leƙo ya ce wannan kunkuru ai ya zama zomo.

Da yamma ya tara iyalin a falo ya ajiye shi a kan siminti. Kunkuru ya zabura a miƙe ya shige ƙarƙashin kabad, kafin Auta ya juyo da kansa ma ya ɓace. Mai Gyara ya dubi 'yarsa yana jiran murna. Ita kuwa ta durƙusa ta jawo abin, ta juya cikinsa, ta daɗe tana kallo.

"Na gode, Baba," in ji ta. Sai can ta ce, "Ina murafan?"

Ya ce ya zubar, ai ba daidai suke ba. Ta gyaɗa kai ta shige ɗaki. Ba ta yi kuka a gabansa ba, amma da aka zuba abinci ba ta fito ba. Uwar ta dube shi ta ce in da ita ce shi, da sai ta tambaya kafin ta yi aikin da ba a sa ta ba.

Ya same ta zaune a bakin gado da wani littafin rubutu a cinya. Ya zauna a ƙasa, abin da bai saba ba, ya ce ta gaya masa inda ya yi kuskure. Ta miƙa masa littafin.

Shafi bayan shafi, zane ne da lambobi da rubutun fensir. A hankali ta yi masa bayani. Ta ce ta lura duk abin wasan da ya gudu ya bar Auta, kuka yake yi ya haƙura da shi, shi ya sa take son abin da zai tafi ya dawo. Taya ɗaya ƙarama ita ke sa shi zagaye. Murfi bakwai ta gwada kafin ta samu biyun da zagayensu ya dace da faɗin tabarmar Auta. Batir ɗaya kuma don ya yi tafiyar da idon yaro zai iya bi. Ta ƙirga ta gano in abu ya ɓace masa fiye da ƙirga goma sha biyar, ya manta da shi, don haka ta sa kunkurun ya riƙa dawowa a goma sha biyu. Duwatsun don ya ji tahowarsa ta baya ne.

"Amma ai da dama zai kama," in ji uban.

"Ba zai kama ba, Baba. In yana riƙe da makullanka ba ya sakinsu ko me aka nuna masa. Sai in ba shi su a dama, kunkurun ya riƙa bi ta hagu. Babu wanda zai riƙe shi, balle ya yi kuka."

Mai Gyara ya sake duba kwanakin da ke littafin. Wata uku yarinyar nan tana zaune a gefe tana kallon ƙanenta da fensir a hannu, su manya suna ta fama da alewa. Duk abin da ya ƙirga a matsayin laifi, ashe da gangan aka yi shi, kuma an auna shi fiye da yadda shi yake auna aikinsa. Kunya ta kama shi, tare da wani irin mamaki mai kama da tsoro. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shi dai a ranar bai ga alamar haka ba.

Washegari tun kafin tela ya buɗe, ya juye kwalin tarkacen a ƙasan shago. Murfi ya fi talatin a ciki, kuma bai san waɗanda ya cire ba, don bai ɗauke su a bakin komai ba. Ya kwaso su duka a leda ya kai gida. Injiniya ta zube su a tabarma, ta zaro biyu ba tare da ta yi shakka ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki sukuddireba, sai ya fasa, ya tura mata. Aikinsa a ranar shi ne riƙe kwanon. Yana ji yana gani ta cire tayoyinsa masu kyau, ta zare batir ɗaya, ta mayar da duwatsu. Dalmar kaɗai ta bari, ta ce wannan kam ta yi.

Da rana ta yi sanyi aka zaunar da Auta a tsakiyar tabarma. Injiniya ta karɓi makullan shago ta damƙa masa a dama, ya cafke. Ta auna taku biyu, ta ajiye kunkurun ta kunna.

Ya taho yana ɗingishi, ya bi ta gefen hagun yaron, ya wuce ta baya. Auta ya bi shi da ido har ya ɓace, ya kwaɓe baki zai yi kuka, sai ga ƙarar duwatsu ta dawo. Ya yi dariya. A zagaye na uku ya kai dama, makullan suka yi ƙara, ya dube su, ya dubi kunkurun, ya ƙi saki. Uwar na tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu, ta manta abin da ta fito gogewa. Na biyar ya wuce, na shida ya wuce. A na bakwai kafaɗar hagu ta motsa. Hannun ya ɗago daga cinya a dunƙule, ya bugi bayan kwanon, kunkurun ya zille ya tafi abinsa.

Saura kaɗan, faɗin yatsa biyu kawai. Mai Gyara ya ga inda matsalar take: a matso da abin kusa, shi ke nan. Jikinsa har ya soma sunkuyawa.

"Baba, kar ka taɓa," in ji Injiniya a hankali, idonta na kan ƙanenta. "In ya yi sauƙi ba zai buɗe ba."

Ya koma ya zauna, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su, yana ƙirgawa a zuci. Tara, goma, sha ɗaya. Ƙarar duwatsu ta taho ta bayan yaron. Auta ya miƙa hannun, ya ga dunƙulen bai kai ba, ya yi nishi, sai babban yatsa ya rabu da sauran, manuni ya bi shi, na tsakiya ya biyo suna rawa. Suka sauka a bayan kwanon suka riƙe. Tayoyin na ta juyawa a banza a kan tabarma, kunkurun ya kasa gaba.

Uwar ta zame ta zauna a bakin ƙofa ta rufe baki da tsumman. Injiniya ta jawo littafinta ta rubuta lambar zagayen. Mai Gyara kuwa hawaye na bin gemunsa, kuma bai share ba, don har yanzu yana zaune a kan hannayensa.