Fiyanon Safaa da Mai Shelar Mutuwa

Ran Talata Nasir, mijin 'yar ƙanwarsa kuma mai masaukinsa, ya ce wa Ustaz Usumanu ɗakin da fiyano yake ciki na buhunan riɗi ne. In Juma'a ta zo bai samu ɗalibin kiɗa ko ɗaya ba, fiyano zai koma tsakar gida, wurin awaki.

Fiyanon na matarsa Safaa ne. Da suka gudo daga Khartum, littattafai dubu ya bari ya ɗora shi a lori. Ita a Madani ta rasu, aka binne ta cikin gaggawa, ba wanda ya zauna makoki. Shi kuwa waƙa uku kacal ya iya, su ma dole ta yi masa.

Ya rubuta talla mai kyau ta neman ɗalibai ya manna a kasuwar Gadarif, mai suyar falafel, ƙosan can, ya naɗe kaya da ita. Sai ya nemi Jibrin, mai yawo da lasifika a raksha, babur mai ƙafa uku. Abin da Ustaz bai sani ba, shekara ashirin Jibrin ba ya shelar komai sai mutuwa. Muryar da ya saba da ita ya ɗauko, mai ja, mai rawa, ya ambaci marigayiya Safaa da gidan Nasir. Ba wanda ya tsaya jin sauran.

Kafin la'asar gida ya cika. An kafa rumfa, mata sun ɗora shayi, leburorin da suka dawo daga gonakin Doka suna ɗaga hannu suna Fatiha. Ustaz ya yi bayani sau uku cewa darasin kiɗa yake tallatawa. Suka ce baƙin ciki ne ya taɓa shi, suka ƙara masa sukari. A na huɗu sai ya karɓi gaisuwar. Nasir ma ya karɓa, tunda dai a tukunyarsa ake dafa abincin.

Hajja Batoul, tsohuwa mai sayar da kisra, wainar dawa, ita ta leƙa ɗakin ta danna farin maɓalli ɗaya da yatsa mai gari.

"Wannan akwatin ne ta bari? Koya mini, Ustaz. Jikokina sun ishe ni da surutu, ni ma zan ishe su."

Riɗi ya kwana a zaure. Kullum da hantsi Hajja tana dukan fiyano kamar mai daka, Ustaz na gefe da littafi a buɗe. Haka ya zauna shekara talatin yana ce wa Safaa ta rage sauti, yana karatu. Bai taɓa gaya mata ba cewa in tana kiɗa ko shafi ɗaya ba ya juyawa.